Tarakta Mai Tashi da Harsashi

Yanzu idan na zauna a ƙofar gidan ɗana a Damilu da hantsi, motoci suna wucewa, ba na iya bambanta wannan da waccan. Duk kukansu iri ɗaya ne, siriri, kamar ana tankaɗe a maƙwabta. Jikokina da ido suke gane mota, su faɗi sunanta tun daga nesa. Ni da kunne na koya, kuma kunnen ba shi da sauran aiki a wannan zamani. Lokacin da nake tasowa a Wuro Hausa, injunan da ke Yola da Jimeta duka ba su fi ka ƙirga da yatsu ba, kowanne da muryarsa kamar mutum. Kana cikin gida kana yanka wa akuya ciyawa za ka ji lori mai bodin katako tana hawan tudu, ka san ta wane ce, har ka san ko direban ya yi lodi fiye da ƙima, don in ta yi nauyi sai ta yi nishi kafin ta karɓi giya.

Babbar murya a cikinsu ita ce ta jirgin ruwa. Sai damina ta yi nisa, Binuwai ta cika ta batse, sannan yake zuwa, kuma tun kafin a hango hayaƙinsa ake jin kukansa daga bayan lanƙwasar kogi. Ranar duk wani aiki ya tsaya ke nan. Mata su bar surfe a turmi, teloli su bar keke, mu kuma mu kama hanyar Jimeta a ƙafa ba tare da mun tambayi kowa ba. Ya sauke gishiri da kananzir da yadi, ya ɗebi gyaɗa da auduga da fatu, ya juya kafin ruwa ya janye. Jirgin ƙasa kuwa ba a taɓa shimfiɗa mana dogonsa ba. Labarinsa kawai muke ji a bakin fatake, sai da na yi gemu na gan shi da idona a wani gari. Abin da muke da shi a madadinsa shi ne rolar masu gyaran hanya, wadda ita ma da itace da ruwa take tafiya, tana da bututun hayaƙi da usur. Mu dai jirgin ƙasa muke ce mata. Da yamma in mai ita zai zubar da ruwan tukunyarta, matan unguwa su jeru da ƙore suna tarar ruwan zafi na wanka. Innata ba ta zuwa. Takan ce ruwan da ya wuni yana yi wa wani aiki ba shi da sauran albarkar da zai ba ta.

Ni ba jirgi ne ya ɗauke ni ba, tarakta ce. Mahaifina yana da aboki, Bappa Hamman, wani Bafillace siriri mai ƙarancin magana, wanda ke tuƙa taraktar ma'aikatar gona. Da aka ga karatu bai kama ni ba, sai aka miƙa ni gare shi. Taraktar koriya ce, gajera, da ƙaton faifan ƙarfe a gefe, kuma fistan ɗaya tak gare ta, babba kamar turmi. Saboda haka ba ta gurnani irin na sauran injuna. Bugu take yi, dum, dum, dum, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa na amsawa a tafin ƙafarka. Ba ta da makulli, ba ta da batir. Hanya biyu ake tayar da ita. Ta farko, a naɗe wata takarda kamar sigari, a kunna mata wuta, a cusa a wani rami da ke goshin injin, sannan ƙarti biyu su kama hendil su yi ta juyawa har ta kama. Ta biyu kuwa, bayan an sa takardar, sai a ɗura harsashi irin na bindigar farauta, wanda babu dalma a ciki sai albarushi, a wani ɗan bututu, a rufe, a ɗauki guduma a buga. Ƙarfin fashewar ne ke tura fistan ɗin. Shi ya sa mutanen ƙauye suka sa mata suna Mai Bindiga.

Harsasan a wani gwangwani Bappa yake ajiye su, kuma ba ya taɓa su sai ranar da babu mai kama masa hendil. Shekara uku aikina shi ne wanke ta, ɗura mata gas, shafa giris, kankare laka daga garma, da juya hendil har tafin hannuna ya yi kanta. Ban taɓa riƙe gudumar nan ba. In na yi gaggawa yakan dube ni ya ce, “Inji ba ya sauri, mai shi ne ke sauri.” In na ce na duba baƙin mai alhali ban duba ba, ba ya faɗa. Sai ya zaro sandar awon ya miƙo mini, ya tafi alwalarsa ya bar ni da ita a hannu.

Wata safiya a farkon damina muna fadamar wani ƙauye gabas da gari, kunama ta harbi Bappa a hannun dama yana yaye tamfol. An yi ruwa mai kyau, mutanen ƙauyen duk sun fito, kowa na son a shiga gonarsa kafin ƙasa ta bushe. Hannun ya kumbura har gwiwa. Ya zauna a gindin tsamiya, ya buɗe gwangwanin da hannun hagu, ya miƙo mini harsashi ɗaya. “Ka sha ganin yadda nake yi,” ya ce. “Kada ka rufe ido.” Sannan ya tashi da zafin harbin a jikinsa, ya zaga yana gaya wa mata su riƙe ’ya’yansu, makiyaya su matsa da shanu, kamar yadda ya saba kullum. Da ya dawo ya ɗaga mini kai, na buga. Har yau ina jin bugun nan a kafaɗata. Ta yi tari sau biyu, ta watso baƙin hayaƙi, ta kama. Na wuni ina huɗa har la’asar sakaliya. Da na sauko dattawan ƙauyen suka ba ni hannu ɗaya bayan ɗaya, wata tsohuwa ta kawo ƙwaryar fura da nono ta ce na direba ne. Daga ranar sunan ya bi ni. Matata ma har ta koma ga Allah Direba take kirana.

Bayan haka abubuwa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba a ko yi musu sallama ba. Aka gina gada, yashi ya cike kogi, jirgi ya daina zuwa. Aka kawo taraktoci masu makulli, aka tura Mai Bindiga wata rumfa a bayan gidan gona. Bappa ya rasu. Na tuƙa sababbin har ƙarfina ya ƙare. Sannan aka shiga shekarun tashin hankali, lokacin da mutanen Madagali da Michika da Mubi, da na Borno, suka kwararo Yola a ƙafa da bayan tipa. Zaurenmu na Wuro Hausa sai da aka raba shi biyu da tabarma don a sauke wasunsu. Wasu aka kai su sansani a Malkohi, da yawa kuma da aka ce su koma ba su da inda za su koma, suka yi bukkoki a can suka zauna. A shekarun nan kunnen garin ya sauya. Tayar mota in ta fashe a kasuwar Jimeta sai ka ga rumfuna sun zama wayam. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba. Ina faɗa ne don kada wani ya ce ban sani ba.

Bayan kaka, shekara biyu da suka wuce, wani tsohon malamin gona mai suna Malam Sa’adu ya yi mini sallama. Ya ce su da wasu manoma suna shirya taro a wani fili kusa da Malkohi, za a baje kayan noma da na sufuri irin na da, don ’yan baya su gani.

“Mun samo wata tarakta a rumfa, Baba,” ya ce. “Makanikai uku sun duba, sun ce ba su ga inda ake sa makulli ba.”

“Koriya ce? Da faifai a gefe?”

“Tsatsa ta cinye launin, amma akwai faifan.”

Mako uku muka yi a kanta ni da Buba, wani makaniken Jimeta mai shekara kamar hamsin, mutum mai haƙuri. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, gara ta gina gida a ƙarƙashinta, amma cikin injin lafiya lau yake. Ni ina zaune a kan benci ina faɗa, shi yana kwancewa. Ranar da ta tashi a garejinsa da hendil, sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a aljihu.

Ranar taron fili ya cika tun hantsi. An jera garmar shanu da galma da mangala, ga lori mai bodin katako an yi mata sabon fenti, ga wata akori-kura da aka turo da hannu. Har rolar nan ta masu gyaran hanya an ɗauko a bayan tirela, amma tukunyarta ta huje, sai kallo. Tsofaffi irina suna zagaya ta suna shafawa, kowa na ba na kusa da shi labarin da shi ma ya sani. Mutanen Malkohi sun fito da yawa, matansu sun shimfiɗa huluna da kayan miya a gefe. Akwai ’yan sanda a bakin shiga, da maharba da ke taya su gadi. Sai dai na lura matasa ba sa daɗewa a wajenmu. Su ɗauki hoto da waya, su wuce can inda wani dillali ya kawo sabuwar tarakta mai gilashi da na’urar sanyi. Abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata ga mai shekaruna.

Akwai wani maharbi a kusa da mu, na san mahaifinsa. Na ce ya ba ni harsashi ɗaya ya zazzage dalmar. Ya yi dariya ya ciro wuƙa ya yi. Buba ya ga abin da nake shirin yi, ya matso.

“Baba, a bari a sanar a lasifika tukuna.”

“Lasifikar tana hannun mai jawabi tun ɗazu. Ka ga alamar zai gama yau?”

“To mu juya hendil, kamar a gareji.”

“Hendil kowa ya iya,” na ce. “Kunna takardar.”

Ban zaga ba, ban gaya wa kowa ba. Na ɗura, na rufe, na buga.

Ƙarar ba ta kai ta bindiga a sarari ba, amma ita ce. Bayanta kuma injin ya kama, dum, dum, dum. Ni ina kallon hayaƙi ina jin daɗi, sai da na waiwaya na ga filin yana watsewa. Ba ihu sosai. Abin da ya fi tsaya mini ke nan, yadda mutane da yawa haka suke gudu ba magana. Mata sun sunkuci yara, wasu sun kwanta rub da ciki a tsakanin kunya, rumfar manyan baƙi ta kife. Wani ɗan sanda ya durƙusa ya saita bindigarsa wajenmu, maharbin nan ya sha gabana ya ɗaga hannu biyu yana cewa, “Tarakta ne, ofisa, tarakta ne.” Buba ya kashe injin. Da ya yi shiru sai ga takalma da huluna da tumatir warwatse ko’ina, lasifika tana ta ƙugi ita kaɗai a ƙasa.

Allah ya kiyaye ba a yi harbi ba. Amma an ciro wata mata daga ramin da ke bakin filin, hannunta na dama ya karye a wuyan hannu. Jauron wurin, wato mai unguwarsu, ya zo inda nake tsaye da guduma. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Baba, duk filin nan babu wanda ya girme ka.” Ya juya ya tafi. Taron bai ci gaba ba.

Kwana uku ban fita ƙofar gida ba. A na huɗu na sa ɗana ya kai ni Malkohi. Sunan matar Ya Falmata, mutuniyar Borno ce, za ta yi shekara sittin. Na same ta a inuwar ɗakinta, an ɗaure hannun da karare da tsumma, ga kwandon zare da hulunan da ba ta gama ba a gefenta. Da ɗinkin hula take ci da kanta da jikoki mata biyu. Muka gaisa, na faɗa mata ko ni wane ne.

“Na gane ka,” ta ce. “Kai ne mai guduma.”

“Ni ne. Na zo neman gafara.”

Ta dubi hannun. “Ni na san tarakta, Baba. Maigidana manomi ne. Da an ce mini za a tayar, da har matsowa zan yi in gani. Amma ranar da suka shiga garinmu haka ya fara. Guda ɗaya, sannan dum dum. Ina ɗinki a tsakar gida, maigida ya ce bari ya leƙa waje. Ban sake ganinsa ba. Ranar taron nan ban ma san na tashi ba. Ƙafa ne ya gudu, ni ina biye.”

Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Na sake cewa ta yafe mini.

“Allah ya yafe mana duka,” ta ce, ta kira jikarta ta kawo mini ruwa. Na sha, na san ba amsar da na zo nema ba ce, kuma ban ga ta inda zan nemi fiye da haka ba.

Muka kai ta asibiti, muka kai ta wajen mai ɗori, ƙashin ya haɗe amma yatsu uku suka ƙi lanƙwasa. Allura ba ta zama a hannun. Nakan je duk bayan mako biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa, tana karɓa ta yi godiya, ba ma doguwar magana. A wata zuwa ce na ji tana gaya wa maƙwabciyarta cewa bana sai dai ta mayar wa Jauro gonar da ya ara mata, tunda ba ta iya riƙe fartanya, kuma masu tarakta ba sa shiga ƙaramar gona irin tata.

Na je wajen Malam Sa’adu, muka je wajen Jauro neman izinin huɗe mata gonar da Mai Bindiga. Da farko Jauro ya ce ba ya son sake jin ƙarar abin nan a ƙasarsa. Daga baya ya ce ya yarda, amma da hendil, kuma sai an gaya wa kowane gida. Na ce ni zan gaya musu. Kwana biyu na yi ina bin bukkokin nan da sandata, ina sallama ina cewa ranar Asabar da hantsi za a ji bugu daga gonar Ya Falmata, tarakta ce, ni ne. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo ya ƙi ba ni hannu, ya ce ya ji, in wuce.

Ranar Asabar, bayan ruwan farko, Buba ya jawo taraktar da motarsa har bakin gonar. Wasu magidanta biyu daga cikin maƙwabtanta suka kama hendil. Ya Falmata tana tsaye a kan iyaka da jikokinta. Na ɗaga murya na ce, “Ya Falmata, za a tayar.” Ta ce, “To.” Da injin ya kama na ga kafaɗarta ta zabura sau ɗaya, amma ba ta matsa daga inda take ba. Aka ɗaga ni aka ɗora a kujera. Gonar da a da zan gama kafin rana ta yi zafi, sai da ta kai ni azahar, sitiyari yana neman ɓalle mini kafaɗa.

Da aka sauko da ni Ya Falmata ta shiga gonar, ta bi ta tun daga wannan kai har wancan, tana sunkuyawa tana murza ƙasa da hannun hagu. Ta dawo inda nake zaune ina haki.

“Ka bar wancan lungu, kusa da bishiya.”

“Garma ba ta shiga nan. Saiwa.”

“To,” ta ce. “Baɗi ka zo da wuri. Bana ka makara, maƙwabta har sun shuka.”

“In muna raye, Ya Falmata.”

Ta dube ni sama da ƙasa, har da sandata. “Ka rayu mana,” ta ce. “In ba kai ba wa zai nome mini?”